Kumfar Subiyar Yari

Kwana uku ke nan famfon Yari yana aman kumfa. Da ya murɗa, sai ya yi tari, ya yi tsartuwa, kofi ya cika fam, amma abin sha bai kai rabi ba.

Subiya dai ruwan sha'ir ce da sukari da kirfa, wadda mutanen Makka ke son buɗa baki da ita. Shekara goma sha ɗaya Yari yana haɗa ta a gidansa a unguwar Shisha, cikin tulun ƙarfe mai tiyo da famfo, yana sayarwa a bakin shagon Mish'al, kafilinsa, wanda takardar zamansa ke ƙarƙashin sunansa.

A rana ta uku Mish'al ya ɗaga kofi, ya shinshina, ya ajiye.

"Ya Hajji, abin da ke kumfa haka sunansa daban ne. Makka muke. In na sake ganin wannan gobe, kalas, magana ta ƙare, ka kwashe tulunka."

Bai ce giya ba. Ba sai ya faɗa ba. Yari ya san in wannan suna ya manne wa baƙo a garin nan, ba bakin shago kaɗai zai rasa ba.

Washegari da hantsi ya baje kaya a kicin. Ya kwance famfo, ya ɗura wa tiyo ruwan zafi, ya sauya robar baki, ya janye tulu daga bayan firji inda zafi ke hurowa. Ga azumi, balle ya ɗanɗana ya ji. Ya gwada da ruwa zalla, ruwa ya zubo lafiya lau. To, ƙarfe dai ya wanke kansa.

Ya zauna a kan bokiti, baya na ciwo, maƙogwaro kamar an zuba rairayi. Sai ga matarsa Mairama da wata jarka, ta nufi sabon haɗi za ta juye.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

"Kwantan jiya."

"Na jiya kaɗai?"

"Da na shekaranjiya. Tunda aka buɗe shagon can na gaba ai kullum sai ta rage."

"Ashe ke ce! Na tuhumi roba, na zagi tiyo, ɓarawon yana cikin ɗakina. Ta yi tsami, baiwar Allah, ita ke tayar da sabuwar."

"To zubarwa zan yi, Malam? A Makka? Cikin azumi? Ni uwata ko ƙanzon tuwo ba ta taɓa zubarwa ba, kuma a Gaya take, ba kusa da Ɗakin Allah ba."

Shekara talatin da aure, Yari ya san ba a kayar da Mairama a gardamar zunubi. Kuma shi ba shi da sauran yawun gardama.

Ya miƙa hannu. "Kawo. Juya baya. A rubuta a kaina."

Ta juya tana istigfari. Ya tuntsurar da jarkar a magudana, warin tsami ya cika kicin ɗin.

Bayan la'asar famfo ya zubo fari sol, shiru, ba tari. Mish'al ya ɗaga kofi, ya duba, ya ce a ƙulla masa leda biyu.

Kafin magariba Yari ya leƙa cikin tulu. Yau ma za ta rage.