Yadda Kanumfari Ya Zaɓi Rufinsa

A shekarar da ƙungiyar manoman kanumfari ta ƙauyenmu ta gina sabon sito, ni Faki aka ɗora wa kula da ma'aikata. Bango ya tashi har ya kai inda za a ɗora rufi, sai aiki ya tsaya cik, domin ba mu san abin da za mu rufa shi da shi ba.

Dalilin tsayawar ba ɓoyayye ba ne ga kowa. A shekarar da ta gabata, gidaje ɗari da arba'in suka tara kanumfarinsu a tsohon sito bisa shawarar shugabar ƙungiya, Bi Mgeni, matar marigayi wana. Ita ce ta bi gida-gida tana lallashin mutane su daina ɓoye buhuna a ƙarƙashin gado, su haɗa amfaninsu wuri guda. Rufin kwanon tsohon siton bai yi yoyo ba ko ɗigo ɗaya. Ni da kaina na hau na duba. Amma da babbar damina ta wuce aka kwance buhunan, sai muka tarar kanumfarin ya yi laushi, ya yi baƙi, fumfuna ta hau shi. Mai tantance ingancin kanumfari ya zo daga garin Wete, ya shanshana, ya jefa shi a aji na ƙarshe. Mutane suka ce sau ɗaya kaɗai za su ƙara yarda da ita. Idan na bana ya lalace, kowa zai kama gabansa, ƙungiya ta mutu.

Saboda haka Bi Mgeni ta kira taro a gindin mangwaro, ta gayyato masu sayar da kayan rufi. Mutum uku suka zo: mai kwano daga Tanga, mai alminiyam daga Unguja, da mai tayil na jan yumɓu. Na huɗu ba a gayyace shi ba, ya kawo kansa. Shi ne Kombo, mai yi mana jinkar ganyen kwakwa.

Mai kwano ya ɗaga shuɗin fallensa ya buga shi da yatsa. "Inna, dubi fentin nan. Jikokinki ma ba za su ga ya koɗe ba."

"Kai ɗan Tanga," in ji Kombo, "ka taɓa ganin abin da iskar gishiri take yi wa kwano a nan? Shekara biyar ya zama rariya, sai mata su riƙa tankaɗe garin rogo da shi."

"Nawa dai ba ya tsatsa," in ji mai alminiyam.

"Ba ya tsatsa, amma ba shi da nauyi. Ranar da iska ta taso, sai ku shiga jirgi ku je Mombasa ku ɗauko abinku."

Mai tayil ya miƙa wa Bi Mgeni guda ɗaya. Ta karɓa, hannunta ya yi ƙasa. "Wannan ai kabari za ka yi wa buhunana, ɗan nan. Bangonmu ba zai ɗauka ba." Sai ta juya wajen Kombo, wanda ya fara murmushin nasara. "Kai kuma rufe haƙoranka. Guntun sigari ɗaya ya faɗa kan jinkarka, har Unguja za a ji ƙanshinmu."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, domin kowa ya lura an kushe duka huɗun, kuma girbi ya riga ya fara.

A gefe guda Fundi Shaame yana zaune a kan kututture. Shekara hamsin ya yi yana sassaƙa jiragen ruwa kafin yanar ido ta makantar da shi. Da hayaniya ta kwanta sai ya ɗaga murya.

"Kun tambayi masu sayarwa, kun tambayi junanku," ya ce. "Wanda zai zauna a ɗakin fa, wa ya tambaye shi?"

"Wa ke nan, Fundi?"

"Kanumfarin mana. Ko ku ne za ku shiga buhu?"

Ya ce a gina ƙananan bukkoki huɗu a kan tudun da ke fuskantar teku, kowace tsayinta iya ƙirji, a rufa kowace da ɗaya daga cikin kayan nan. A zuba musu kanumfari daga tabarmar shanya ɗaya, mudu goma-goma, a ɗaure ƙofofinsu, kada kowa ya buɗe sai bayan kwana goma. Damina biyu muke yi a shekara, kuma lokacin ƙaramar ne, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa.

Ni na gina bukkokin. Uku na farko na yi su tsaf, katako ya haɗu da katako, rufi ya zauna a kan bango ba inda allura za ta shiga. Da na zo ta huɗu, ta alminiyam, sai katako ya gaza mini, ya bar tazarar yatsa huɗu tsakanin bango da rufi. Bugu da ƙari na yanka fallayen gajeru, suka ƙi haɗuwa a doron rufin. Na lanƙwasa wani guntu, na ɗora shi bisa ƙananan katakai biyu ya lulluɓe tsagar don kada ruwa ya shiga. Kunya ta kama ni, na juya wannan ɓangaren wajen daji, ban faɗa wa kowa ba.

Ran kwana na goma, bayan sallar asuba, muka hau tudun. Rabin ƙauye ya biyo mu. Na riƙe wa Fundi Shaame hannu har bakin bukka ta farko.

A ta jinka, kanumfarin bai yi laifi ba, sai dai ɓurɓushin ganye da kashin ƙwari sun zubo a kansa. A ta tayil, ya ce akwai sanyi mai kyau, amma ƙwayar ta fara sakin jiki. Da ya zo ta kwano, bai taɓa kanumfarin ba tukuna. Ya zura hannu sama, ya shafa cikin rufin, ya fito da tafinsa ya ɗaga wa jama'a. Ruwa yana gangarowa har gwiwar hannunsa.

"An yi ruwa jiya?" ya tambaya.

"Kwana uku ke nan ba a yi ba, Fundi."

"To wannan daga ina?"

Na matso. Na durƙusa na leƙa. Ɗigogin ruwa ne jere a cikin kowane kwarin kwanon, suna rataye kamar an shirya su da hannu, ina kallo ɗaya ya saki ya faɗa kan kanumfarin.  Shekara guda muna zargin sama, ashe ruwan da ya cuce mu a cikin ɗaki aka yi shi.

"Kanumfari yana numfashi," in ji tsohon. "Ko ya bushe yana numfashi. Da rana ya ɗumama ya saki tururinsa, da asuba ƙarfe ya yi sanyi ya kama tururin ya mayar masa ruwa. Haka cikin jirgi yake yi idan an rufe shi ruf da kaya."

Mai kwano ya dubi hannun tsohon, ya kau da kai.

A bukka ta huɗu Fundi ya damƙi kanumfari cike da hannu ya matse, sai ya yi tsaki ya saki, domin ƙwayoyin sun soke shi. Ya karya guda kusa da kunnensa, ta ce ƙas. Ya shafa rufin, hannunsa ya fito a bushe.

"Kun gani!" in ji mai alminiyam. "Tun farko na faɗa muku. Inna, falle nawa zan kawo?"

"Dakata, ɗan Unguja, bakinka ya fi kayanka sauƙin tashi," in ji Fundi. "Ƙarfe ƙarfe ne. Me ya hana naka yin gumi?"

Ya lashi yatsansa, ya mayar da hannun ciki, ya tsaya da kansa a sunkuye. Sannu a hankali hannun ya fara tafiya shi kaɗai, kamar ana jansa da zare, ya bi bango ya hau har yatsun suka fito waje ta tazarar da na ɓoye.

"Faki."

"Na'am, Fundi."

"Wa ya gina wannan?"

Na faɗi gaskiya a gaban kowa. Bi Mgeni ta tafa hannu. "Ƙanin miji! Tun ranar da aka kawo ni gidanku na san awonka gajere ne. Gadon da ka yi mini ma ƙafata a waje take kwana."

"Yaya, ke ce kika yi tsawo."

"Ku bar shi," in ji Fundi, ba ya dariya. "Ku sauya rufin. Kwano ya koma kan mai tsaga, alminiyam ya koma kan rufaffiya. Wasu kwana goma."

Mutane suka yi gunaguni, domin buhuna sun cika zaurukan gidaje, mata suna kwashe shanya kullum saboda hadari. Bi Mgeni ta ce a yi yadda ya ce. Da kwanakin suka cika muka koma. Alminiyam ɗin da aka yi ta yabo yana zubar da gumi, kanumfarin ƙarƙashinsa ya yi laushi. Shuɗin kwanon da aka tsine wa yana nan a bushe.

A nan tudun Bi Mgeni ta yanke magana. Ta zaɓi alminiyam, mai kauri, saboda gishirin teku kawai, ba don wata falala ba. Ta ce a kafe shi da dogayen ƙusoshi masu hular roba saboda iska. A ɗaga doron rufin tun daga wannan ƙarshe har wancan, a yi masa ƙaramar hula ta biyu. A bar tazarar taƙi guda a saman bango, a sa mata ragar waya saboda ɓeraye da jemagu. Kombo kuma ta ba shi rumfar gaba, inda mata suke tsince kanumfari, nesa da buhuna.

Mai alminiyam ya ɓata rai. "Inna, a bar rami a rufina da gangan? Idan ruwa ya shiga kada a kira sunana."

"Ba za a kira ba. Nawa za a kira."

Ba shi kaɗai ya tsorata ba. Gidaje talatin da ɗaya suka ce ba za su sa amfaninsu a ɗakin da aka bar wa ƙofa a sama ba. Suka riƙe buhunansu. Sauran suka kawo nasu, wasu suna ajiyewa suna waiwaye.

Babbar damina ta sauka da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Kwana goma sha bakwai ba mu ga rana ba. Hanyar Wete ta yanke, tufafi suka yi fumfuna a jikin ƙusa, gishiri ya narke a kwano. Bi Mgeni ta rame. Kowace safiya sai ta zo bakin siton ta tsaya, ta kasa cewa a buɗe.

Ran na sha takwas da hantsi ta ce in kawo makulli. Ruwa yana dukan rufin har ba ma jin maganar juna. Muka shiga tsakanin layukan buhuna, waɗanda suka fi mu tsayi sau biyu. Na ɗaga kai ina neman ɗigo, ban ga ko ɗaya ba. Wani siririn haske ne kawai ya miƙe a tsawon doron. Sai Bi Mgeni ta kama hannun rigata ta nuna mini gefen mayafinta. Ba iska a waje ko kaɗan, ruwan a miƙe yake sauka, amma bakin mayafin ya tashi yana karkaɗawa, yana nuna sama. Ta saki wani busasshen ganye da ya maƙale a buhu, muka bi shi da ido yana hawa a hankali, har ya ɓace a cikin hasken.

Muna fitowa ruwan ya tsagaita. Mutanen da suka fake a rumfar Kombo suka fito fili, suka tsaya suna kallon sama. Wani farin tururi ne yake fita daga doron siton, tun daga wannan ƙarshe har wancan, yana tashi a hankali bisa bishiyoyin kwakwa, kuma ƙanshinsa ya sauko mana har yana sa ido hawaye. Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi, ɗakin numfashi yake yi." Kombo da bakinsa ba ya hutawa ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Da hanya ta buɗe mai tantancewa ya zo. Ya sa aka kwance buhu arba'in, daga sama da ƙasa da tsakiya, daga jikin bango da kuma lungu. Duka ya sa su a aji na ɗaya. Da ya gama bai tafi ba. Ya koma tsakiyar siton ya daɗe yana kallon doron, sannan ya tambaya wane injiniya ne ya zana mana shi. Bi Mgeni ta ce masa a tambayi kanumfarin.

Washegari da safe muka tarar da magidanta talatin da ɗaya a rumfar gaba, suna zaune a jere kamar masu jiran ɗaurin aure. Babbansu ya yi gyaran murya, ya gai da Bi Mgeni har sau biyu, sannan ya tambaya ko za a samu wuri a girbi mai zuwa.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mayafinta.

"Akwai wuri," ta ce. "Amma ku sani, ƙofar saman nan tana nan a buɗe. Ba za a rufe ta saboda ku ba."