Tafintar da Ta Ƙi Kai Saƙo

"Ba zan faɗa ba," in ji Freha.

Zalman, jami'in ƙungiyar da ke kwaso Yahudawa daga ƙasashen waje tana nema musu matsuguni, ya cire hula ya share gumi. A bayansu motar kaya ce tsaye a hamadar Negeb, cike da mutanen wani ƙauye na duwatsun Maroko, waɗanda aka sauke daga jirgin ruwa da safiyar wannan Juma'ar. Sun leƙo, sun ga bukkokin kwano da tankin ruwa guda, sun ƙi sauka, don su birnin Urushalima suka sa ran za a kai su.

"Abin wuya ne, yarinya? Ki ce musu Urushalima tana bayan tudun can, da ƙafa ma ana zuwa. In sun sauka sun sha ruwa, hankali zai kwanta."

"Bayan tudun can wani tudun ne, Yallaɓai."

"Na sani! Ni da na zo ko tanti ban tarar ba. Dangina kaf an kashe su a Turai lokacin yaƙi don babu wanda ya turo musu mota. In kowa ya cusa kai birni, wa zai zauna nan?"

Freha ta san ba mugu ba ne. Ƙungiyar nan ce ta biya mata kuɗin jirgi daga Marrakesh, ta koya mata Ibrananci, harshen ƙasar nan, ta ɗauke ta tafinta, ta kuma sama mata gurbi a kwalejin malamai da za a buɗe bayan kaka. Amma waɗannan mutane ba sa jin Zalman. Ita suke ji, da Larabcin da uwarta ke kiranta cin abinci da shi, kuma duk abin da ta faɗa za su ɗauka.

Wata tsohuwa mai suna Lalla Mas'uda ta zuro kai ta gefen mota. "Ke 'yar boko, me jan kunnen nan yake ta surutu? Ɓata hanya ya yi yana kunyar faɗa?"

"Bai ɓata ba, Inna. Nan ne gidanku. Urushalima da nisa, ko a mota sai an sha tafiya."

"Nan? Wannan ce ƙasar madara da zuma? Akuyar da na sayar ma ba za ta yarda ta kwana nan ba!"

Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. Maza suka gyara zama a kan ƙunshin kayansu, suka ce a mayar da su bakin teku.

Zalman bai ɗaga murya ba. Ya nemi inuwar mota ya zauna, yana duban rana. Sai a lokacin Freha ta gane dalilin da ya sa yake kawo masu taurin kai ran Juma'a. Da zarar rana ta faɗi, Asabar, ranar hutunsu mai tsarki, ta shiga ke nan, kuma babu ɗaya cikinsu da zai yarda mota ta motsa da shi, ko ya bar ranar ta shigo ba a kunna mata fitila ba.

Da inuwa ta yi tsawo, Lalla Mas'uda ce ta fara miƙo hannu. "Riƙe ni, 'yata. Ba don shi na sauka ba, ki gaya masa." Ta kwance ɗankwalin da ta ƙulle kyandirori a ciki, ta shiga bukka ta farko. Saura suka biyo ta.

"Kin gani?" in ji Zalman. "Ga su a ƙasa. Me kika ƙara musu?"

"Sun san inda suke."

"To ni ba ni da aiki da bakin da ke tace maganata. Hau in sauke ki a gari, ki nemi abin yi."

Ta dubi matan da ke jujjuya murhun kananzir, ba su san ta inda ake kunna shi ba, babu kuma mai tambaya musu. Ta ɗauko jakarta daga gaban mota.

Bayan shekaru, ƙauyen ya tsaya da ƙafarsa, har da itatuwan zaitun. Freha kuwa gurbinta na kwaleji wata aka ba. Ta tsufa tana tsinkar auduga tare da su, tana koya wa 'ya'yansu karatu da yamma, kuma har ta mutu ba ta riƙe takardar malanta ba.