Wankin Suruka

Wata huɗu ke nan surukar Tela tana gidansa, alhali ta ce kwana uku za ta yi. Ta mallake kujerarsa da rediyonsa, har tari sai ya fita waje yake yi. Yau dai Allah ya yi, ta ɗaure kaya, motar garinsu za ta tashi ƙarfe huɗu. Idan ta kuskure ta, sai wani mako.

Sai ga tsohuwar motar Tela, wadda zai kai ta tasha da ita, ta fara zafi. Bakanike ya ce tamostat ne, ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi. Ya sayar masa da sabo, ya ce ya dafa shi tare da tsohon ya gani, mai lafiya zai buɗe baki.

Tela ya shiga kicin, ya jefa su a tukunya, ya tsaya a kai kamar mai jiran girki. Sabon ya buɗe, tsohon ya yi kunnen uwar shegu. Ya tsame su, ya ajiye sabo a dama, tsoho a hagu, ya fita neman sifana yana fito.

Ko da ya dawo, suruka ta goge su da soson ƙarfe, duka biyun sai ƙyalli suke, babu mai rabe su. Ya je kunna risho zai sake dafawa, ashe kananzir ya ƙare.

"Mama, wanne ne yake a dama?" ya tambaya, kansa a ƙasa.

Ta juya su a hannu, ta miƙa masa ɗaya. "Wannan ne, ɗana."

Ya ɗaura, ya cika lagireto da ruwa, suka kama hanya. Ba su kai shataletale na biyu ba tururi ya turnuƙe gaban mota. Ƙarfe huɗu ta yi musu a bakin titi, Tela yana yi wa inji fifita da kwali, hawaye na neman zubo masa don takaici.

Suruka ta leƙo ta taga. "Kar ka taɓa murfin nan, zai ƙona ka. Ka bari ya huce, ka sa ɗayan, shi ne sabon."

Tela ya saki baki. "Mama, dama kin sani?"

"Shekara talatin marigayi mijina yana kanikanci, ni ke wanke masa kaya." Ta gyara zama. "In mun koma, ka shigar min da jakunkuna ciki."