Kututturen Iyakar Gonar Dela

Sun riga sun sa diga lokacin da Inna Dela ta iso gonarta ta bayan Kanya Babba, tana haki. Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira ce, kowane mai dogon wando da motar gwamnati yake yawo. Ga ɗanta Lauwali ɗan jami'a, ga malaminsa, wani Dakta mai gemun akuya, sun durƙusa gaban dogon dutsen nan mai kama da kututture, wai share shi suke da buroshi.

"Wa ya ce ku taɓa min iyaka?"

"Inna, ba dutse ba ne fa," in ji Lauwali. "Itace ne ya zama dutse."

"To ɗauko ashana mu gani."

Dakta ya gyara tabarau. Ya ce bishiyar ta kusa shekara miliyan ɗari. Ya nuna mata ɓawon da inda reshe ya fita. Wai a lokacin duk nan kurmi ne da manyan koguna, ga ƙadangaru da suka fi giwa, mutum kuwa ko ɗaya babu.

"Babu mutum? To wa ya ba ka labari?"

"Shi ya ba mu, Iya. Ɗakin bincike za mu kai shi."

Ita ba ƙadangarun ne a gabanta ba. Halliru take kallo, maƙwabcin gonarta, wanda ya shekara goma yana cewa kunya bakwai na gefen nan na ubansa ne. Dutsen nan kaɗai ya tsare shi. Mutumin da ko makara ba ya kamawa, yau shi ne da igiya da shanun huɗa biyu, sai zufa yake.

"Ai taimakon ilimi ne, Gwaggo," in ji shi.

"Sannu da ilimi."

Ta harari Lauwali. Ya san dabbar da ta taka wajen nan kafin a yi mutum, bai san wanda zai taka shi ran da aka yi ruwan shuka ba.

Ta juya. "Dakta, in ka kai shi can, yaya za a san daga nan ya fito? Kada 'yan'uwanka su ce a kasuwa ka saya."

Dakta ya gyaɗa kai. "Gaskiyarki, Iya. Akan kafa alama."

"Ta siminti?"

"Ta siminti, da lambar gwamnati."

"In wani ya tuge ta fa?"

"Sai kotu."

"To a kafa ta tukuna, nan daidai, sannan ku ɗau kayanku." Ta gyara zane, ta zauna daram a kan dutsen.

Halliru ya fara kwance igiyarsa, wai shanun ba su sha ruwa ba tun safe.

"Ina za ka, ɗan nan?" in ji Dela. "Ɗaura musu amalanke. Kai za ka ɗebo wa Dakta yashi."