Kihin Teku a Firigon Shatu

Unguwarsu Rumaisa'u a Dogon Dutsi, babu wanda bai ga bidiyon nan ba. Mijinta Luƙman ne, direban kamiyo mai zuwa Kwatano ɗauko kaya, zaune cikin wani ɗan jirgin ruwa mai inji. An sa mishi wata riga mai kumburi, ruwa gaba ruwa baya, babu ƙasa ko ta taku guda. Ya rungume wani kihi, wallahi tsawonshi ya kai na ɗan lakkwal, yaro ɗan makaranta, shina dariya, amma idanun nan sun yi ja wur don aman da ya sha.

Yadda anka yi, patoron, mai dukiyar da shike ɗaukar ma kaya can bakin teku, duk Lahadi shina shiga ruwa kamun kihi da ƙugiya. Ba don saidawa ba hwa, don jin daɗi kawai! Luƙman na zaman jiran lodi, sai mutumen ya ce zo ka raka ni. Ashe rabonshi ne ya kira shi.

Uwar Luƙman, Inna Ladidi, ta zo daga Dogon Kiriya tana gidan lokacin. Da anka nuna mata bidiyon a salula, wayar hannu, sai ta riƙe haɓa.

"A ƙona esansi, man inji mai tsada, a shiga ruwan da ba shi da gaɓa, wai wasa! Mu da tabki in ya kai mana gwiwa muke juyowa. Wa ya aike shi?"

Abin da ya kawo Inna Ladidi gari, yaye ne. An yaye jikanta Sadiƙ, ɗan Rumaisa'u na hwarko, kuma tun ran da anka raba shi da nono yaron ya ɗaure baki. A ba shi koko, ya kau da kai. A ba shi hura, ya hurzar. Tuwo, shinkahwa, biskit, duk ɗaya. Sai ruwa da kuka. Wuyan nan nashi ya yi siriri, wandon da ya matse shi da azumi ya koma zamewa. Da Rumaisa'u ta kai shi awo, madam mai awon yara ta naɗa mishi ɗan zaren nan mai launi a damtse, ya tsaya kan ruwan ɗorawa, kusa da ja. Madam ta dube ta ta ce, "Ki nemi abin da za shi ci, ko mi ne ne. In ya shiga ja, kwantar da ku za mu yi."

Rumaisa'u ba ta hwaɗa ma kowa ba sai Inna. Don dalilin yayen ma abin ɓoyo ne: ciki ne ya shiga tana goyo. Tana tsoron bakin mata, a ce ta yi kwanika, ga abin da ta ja ma yaro. Sai ta riƙa sa mishi riga mai dogon hannu duk zahin nan, in an yi sallama ta goya shi ta ruhe da zane.

Ana cikin haka Luƙman ya iso da kihin. Tun can anka yayyanka shi anka daskarar a gidan patoron, anka ɗura cikin gilasiya, akwatin sanyin nan, anka danne da ƙanƙara. Hanya duk inda ya tsaya sai ya ƙara sabuwa. Da anka buɗe, gunduwa-gunduwa kamar duwatsu, ga kan kihin a leda daban, bakin nan buɗe da haƙora. Rumaisa'u ta kwashe bisap, zoɓon da take saidawa, daga tsohon firigonta, ta jera kihi.

Da marece ta ɗauki gunduwa guda ta dahwa da albasa da tumatir, ta aje yaji gehe. Luƙman ya kai loma, ya tauna, ya dube ta.

"Rumai, gishiri ya ƙare garin ga?"

"Ba kai ka ce ruwan gishiri ne ba? Kihin da anka haihwa cikin gishiri, ya girma cikin gishiri, in ƙara mishi wani?"

Luƙman ya yi dariya har ya sarƙe. Inna Ladidi ma ta ce ai yarinya ta yi gaskiya, ita ma haka za ta yi. Suna ta gardama, ba wanda ya lura Sadiƙ ya sauka daga cinyar kakarshi. Sai ganin hannunshi sunka yi cikin kwano. Ya ɗebi tsokar nan hwara tas, mai laushi, babu ƙananan ƙayoyin nan irin na kihin tabki, ya sa baki.

Kowa ya zuba mishi ido. Rumaisa'u ko numhwashi ba ta yi.

Ya haɗiye. Ya ƙara miƙa hannu.

"Kai, maigidana!" in ji Inna Ladidi a hankali, don haka take kiran jikan. "Ashe mu ne ba mu san kai babban mutum ba ne. Sai na teku kake ci."

Rumaisa'u ta juya baya tana share ido da bakin zane. Nan take ta yanke: kihin ga duka na Sadiƙ ne. Kullum ɗan yanki, a murmushe cikin shinkahwa mai ruwa-ruwa, har ran komawa awo.

To amma unguwa ta ga bidiyo. Da gari ya waye mata sunka yi ta shigowa barka da zuwa, kowa idonta na kan firigo. Rumaisa'u ta raba garin rogo da abarba, tsarabar Kwatano, kihi kam ko ƙamshi. Inna Ladidi ta ja ta ɗaki.

"Ɗiyata, wagga ba al'adarmu ba ce. Garinmu in mutum ya kaso nama, ba shi kwana gida guda. Kowa sai ya lasa, ko da ƙashi ne. Ki hwaɗa musu dalili, za su gane."

"Inna, in na hwaɗi dalili sai na nuna yaron. Ba ni iyawa."

Cikin masu zuwa har da Shatu, maƙwabciyarta ta bayan katanga. Shatu ta girme ta nesa, ɗiyanta cike da gida, tana da babban firigo mai aiki da hasken rana da take saida ƙanƙara, kuma bakinta ba shi da birki. Ta karɓi abarbarta, ta juya ta a hannu.

"Amarya, wannan ce mijinki ya kamo da ƙugiya? Salula ta nuna muna mai haƙora. Ko ya koma teku da ƙahwarshi?"

Mata sunka kwashe da dariya. Rumaisa'u ta yi yaƙe ta ce ai ɗan kaɗan ne ya iso. Shatu ta ce to, Allah shi sa albarka, ta hita. Daga ranan gaisuwarsu ta koma ta saman katanga, gajera.

Luƙman ya koma hanya. Sadiƙ na cin kihinshi, har ya hwara wasa da murhin tukunya. Rumaisa'u in ta buɗe firigo ta ga sauran gunduwoyi sai zuciyarta ta yi sanyi.

Sai ran nan da hantsi anka ji wani ƙara, bum, wajen bakin titi. Tiransifo na wutar unguwa ya ƙone. Anka ce sai an kawo wani daga nesa, ba a san rana ba. Ga bazara, zahin da ko kaji buɗe baki suke.

Rumaisa'u ta lulluɓe firigo da bargo da buhunna, ta hana kowa taɓa shi. Ya kwana haka. Da sahe ta ga ruwa ya malalo ta ƙasa, ya yi hanya har bakin ƙohwa. Ta buɗe da sauri: na sama sun hwara laushi a gehe, ciki dai da sauran tauri.

"A yi mishi banda," in ji Inna Ladidi. "Hayaƙi ba shi jiran wutar kowa."

Sunka gwada da yanki guda. Anka ba Sadiƙ, ya shinshina, ya sa baki, ya toho shi kan zanen kakarshi, ya hwashe da kuka.

"Ka ga ɗan gayu," in ji Inna, amma muryarta ba dariya ciki. Ta dubi katangar Shatu, ta dubi surukarta.

Rumaisa'u ta daɗe tsaye tsakar gida, ƙahwarta cikin ruwan firigo. Sannan ta kwashe kihin duka cikin gilasiya, ta goya Sadiƙ, Inna ta aza mata kaya a kai.

Gidan Shatu cike da mutane, don wuta ta ɗauke, kowa ƙanƙara shike so. Shatu na tsakiya tana miƙa leda tana zagin masu turereniya. Da ta hango Rumaisa'u sai ta riƙe ƙugu.

"A'a! Ga teku ta taso da kanta. Ku ba ta hanya kar ta cinye mu."

"Yaya Shatu, ina son magana. Daga ciki."

Sunka shiga rumhwar da firigon shike. Rumaisa'u ta sauke kaya, ta buɗe. Shatu ta leƙa, ta yi salati.

"Wanga ne ɗan kaɗan ɗin?"

"Ki aje mini shi, don Allah. Ki ɗauki rabi."

"In hidda ƙanƙarata ranar da take da daraja, in zuba kihin da anka hana ni? Ke amarya, mi na yi miki? Ran sunan yaron ga wa ya tsaya miki kan tukunya tun asuba?"

Rumaisa'u ta kwance goyo, ta aza Sadiƙ kan gwiwa, ta naɗe hannun rigarshi har kahwaɗa.

Shatu ta duƙa, ta zagaye damtsen da yatsa biyu, yatsun sunka haɗu har da saura.

"Tun yaushe?"

"Tun yaye. Ba abin da shike ci sai wanga. Madam ta ce in ya shiga ja... Ina da ciki, Yaya. Shi ya sa anka yaye shi da wuri. Na ji tsoron a ce..."

"A ce mi? Kwanika?" Shatu ta buga cinya. "Ke, cikin ga naki har mai saida gawayi ya san da shi! Tun ran da kinka hwara toshe hanci in ana suyar ƙosai. Dubi waɗancan biyun da ke dambe bakin randa, kin ga tsakaninsu ya kai tsawon cokali? Ni zan yi miki dariya? Sakarya kawai, kin ɓoye yaro cikin rigar sanyi kina ta dahwa shi."

Tana hwaɗa tana hidda ƙanƙara, tana jibgawa cikin bahon wanki. Ta leƙa waje ta ce wanda ke so ya zo ya ɗauka yanzu, ba a ƙara wata yau. Ta jera kihin can ƙasa inda sanyi ya hi, masu laushin ta ware ta ce a dahwa su yau, kar a mai da su. Da ta zo kan ledar ƙarshe sai ta ɗaga kan kihin sama, haƙoran nan waje.

"Rabinki ba ni so. Amma wanga, na unguwa ne. Ba a shigo da abu haka garin mutane a ce ba su lasa ba."

Da la'asar anka aza babbar tukunya gidan Shatu. Kan kihi, wutsiya, albasa, tattasai, yaji har sai da mutane sunka yi atishawa. Gishiri kam Shatu ta zuba da hannunta, don Inna Ladidi ta riga ta ba da labarin, mata na ta kiran Rumaisa'u madam ba-gishiri. Kowane gida ya samu ludayi guda na romo. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta ji bambanci da na tabki ba, amma ta miƙo kwano a ƙara.

Daga nan kullum da sahe Rumaisa'u na zagayawa da Sadiƙ ɗaukar yankin ranar. Shatu ta ce ba ta yarda a kai shi gida ba, nan za a dahwa, nan za shi ci. Sai a zaunar da shi kan tabarma tsakiyar ɗiyanta, su da ƙwaryar dambu da kopto, kwaɗon zogala, suna wawaso, shi da ɗan kwanonshi. Kwanan hwarko kallonsu kawai shike. Ran nan ƙaramar ɗiyar Shatu ta sa hannu ta ɗauke mishi kihi. Sadiƙ ya yi ihu, ya rarrahwa, ya tsoma hannu cikin ƙwaryarsu don ramuwa, ya cika baki da dambu.

Rumaisa'u ta zabura, Shatu ta riƙe mata zane.

"Zauna. Kar ki dube shi ma. In ya ga kina murna sai ya hwasa."

Kahin a gyara wutar unguwa, Sadiƙ na cin dambu, shina cin tuwo da miyar kuka, har ƙosai shike ƙwacewa. Ran komawa awo, Shatu ta sa mayahinta ta ce da ita za a, tana son ganin zaren nan da idonta. Madam ta naɗa, ta ja, ta duba: tsanwa! Bakin-bakin tsanwa dai, amma tsanwa. Shatu ta rangaɗa guɗa cikin gidan likita har anka ce ta hita waje.

Da sunka komo Rumaisa'u ta kira Luƙman, shina Kwatano. Magana na tuntuɓe da magana, ta ba shi labari duka, sannan ta ce saura yanki guda a firigon Shatu, Lahadi mai zuwa ya ƙara bin patoron teku.

"Ni?" in ji Luƙman. "Rumai, hanjina har yau bai koma wurinshi ba. Yaron ba ya cin tuwo yanzu?"

Shatu ta warce salula.

"Kai direba, ba don yaro ba. Mu unguwa kai kawai munka ci. Ka koma ka kamo muna mai jiki."