Ayabar da Direba Ya Dasa

Ayabar ta nuna tun ba ta ƙosa ba. Nono guda ne a tsakiyar lambun, 'ya'yansa ba su wuce kaurin babban yatsa ba, amma rabinsu sun yi rawaya. Matar Direba ta ɓalle ɗaya ta ɓare, sai ta tarar cikin ya yi baƙi-baƙi ya ruɓe. Ta jefar, ta goge hannu a zaninta, ta waiwaya ko wani ya gani.

Gindi goma sha bakwai ne a bayan gidan, kuma duk mijinta ne ya dasa su da hannunsa, mako biyu kafin ya tafi tuƙin manyan motoci a wata ƙasa mai nisa. Ranar tafiyar ya tsaya a bakin lambun da jaka a kafaɗa, ya ce, "Kafin su yi nonon fari na dawo." Suka yi na fari, suka yi na biyu, iyayen suka faɗi, 'ya'yan suka tashi a gindinsu. Yau shekara huɗu ke nan. Tana kewarsa, irin kewar da ba a faɗa wa maƙwabta, don haka sai ta juye ta duka a kan ayaba. Kullum da safe takan ɗauki addar da ya bari, ta bi su ɗaya bayan ɗaya yadda ya jera su, tana sare busasshen ganye, tana share gindi. Burinta ɗaya ne, ranar da zai turo ƙofar baya ya tarar da lambunsa tsaye yadda ya bar shi, ya san ba a manta da shi ba.

Da ganye suka fara yin rawaya suna karyewa a tsakiya, sai ta ninka aikin. Safe da yamma tana sara. In ta datse mara lafiya a wannan gindi, sai ta wuce na gaba ta gyara masa nasa, don kada ya ji an yi wariya.

"'Yar nan, ayabar nan aski kike koya a kanta?" in ji Goggo, tsohuwar da shinge kawai ya raba su. Ita ma tana da gindi shida, a cunkushe cikin ciyawa, ba ta taɓa su sai ranar yankan nono, kuma da su take lallaɓa jikokinta.

"Gyara nake yi, Goggo. Rana ce ta yi musu yawa."

"Rana? Nawa a inuwar wa suke?" Goggo ta leƙo da kyau ta kan shingen, ta daɗe tana kallo. "Ni dai na aika a kira malamin gona. Ki yi fushi in kin ga dama, gobe ma ke za ki zo aron turmi."

Malamin gona ya iso da hantsi a kan wani tsohon babur mai tari. Dattijo ne mai tumbi da yawan barkwanci, amma yana shiga lambun dariyar ta ɗauke. Ya taɓa wani jan fure da ya yanƙwane a ƙarshen nono, ya girgiza kai, ya zaro wuƙarsa ya yanki jikin itacen. Suka zuba wa wurin ido, har da Goggo da ke leƙe ta kan shinge. Ba a jima ba wani ruwa mai kauri, rawaya kamar mugunya, ya fara tsattsafowa daga yankan.

"Ga cutar nan," in ji shi. "Ƙwari ne ke fara kawo ta, su sauka a furen mara lafiya, su tashi su sauka a na lafiya. Shi ya sa muke cewa da zarar 'ya'ya sun gama jeruwa a karye furen da gwafa, kada ƙarfe ya taɓa shi. Amma ƙwari ba su da wannan saurin. Ƙanwata, da me kike gyara su?"

Ta miƙa masa addar, har da ɗan alfahari, don bakinta sai ƙyalli yake yi.

"Da ita kike bin duka?"

"Duka. Safe da yamma, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

"Kina sa ta a wuta tsakanin wannan gindi da wancan?"

"Wuta kuma? Ta maigidana ce, Malam. Wa zai ƙona masa adda?"

Malamin ya juya addar a hannunsa. Goggo ce ta gane kafin a faɗa, ta kama haɓa. Shi kuwa ya yi maganar a hankali, yadda ake yi wa mai jinya: ruwan nan yana maƙalewa a bakin ƙarfe, duk inda ƙarfen ya sake shiga ya kai shi. Gindi ɗaya ƙwari suka harba. Sauran goma sha shidan, ita ta bi su gida-gida ta raba musu.

Matar Direba ta ja da baya. Ta zauna a kan bakin rijiya. Garin gyaran gira ta tsone ido, kuma ba idonta ba, na mutumin da take jira.

"Na Goggo fa?" ta tambaya.

"Na duba ta kan shinge, lafiyarsu ƙalau. Yau dai lalaci ya yi rana."

"Ka ji ɗan nema!" in ji Goggo, amma ba ta yi dariya ba.

"Sai dai ba za su daɗe a haka ba," malamin ya ci gaba. "Ƙudan zuma bai san shinge ba. Wannan cuta ba ta da feshi, ba ta da allura. A sare, a tono har saiwa, a binne a rami. Duka, har 'yan ƙananan da kike ganin kore shar, a jikin uwa suke sha."

Ta ce a ba ta minti biyar. Ta shiga ɗaki, ta zauna a gefen gadon, ɓangaren da ba ta kwanciya, ta kira mijinta a waya. Sau uku yana katsewa, a na huɗu ya ɗauka, ƙarar injin na cinye rabin muryarsa. Shekara huɗu duk sanda ya tambayi lambu takan ce masa lafiya lau. Yau ta faɗa masa komai, har da addar.

"Kai!" ya ce. "Har wadda ke kusa da rijiya? Ita na fara dasawa, kina riƙe min bokiti."

Ashe bai manta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, da ma ya ce wace ayaba, da ta sami abin jin haushi ta dogara da shi.

"Kada ki bari su sare," ya ce. "Ki ce su dakata in zo in gani da idona."

"To, Maigida. Yaushe?"

Injin ya yi ta ruri. Ta ji yana numfashi, ta ji wani yana kiransa daga nesa. Ta ba shi lokaci, ta ƙirga sandunan taga har sau biyu.

"Kin san yanayin aikin nan," ya ce daga ƙarshe. "Da zarar abubuwa sun daidaita..."

"Allah ya daidaita," ta ce, ta ajiye wayar a kan matashinsa.

Ta fito da ashana da guntayen itace, ta hura wuta a bakin lambun. Da ta kama, ta tura bakin addar a ciki, tana kallon ƙyallin yana komawa baƙi. Goggo ta zagayo ta ƙofar baya da fartanyarta, ta ɗaure zani. Suka fara daga ƙarshen layi. Ayaba ba ta da gardama, sara biyu ta kwanta, saiwar ce mai taurin kai. Malamin ya cire riga ya shiga haƙar rami yana haki. Ta kusa da rijiya suka bari a ƙarshe, wannan kam Matar Direba ba ta nemi kowa ya kama mata ba.

Da la'asar bayan gidan ya zama fili, har ana hango hanyar da motoci ke wucewa, wadda ganye suka tare mata shekara da shekaru. Ta tsaya tana kallonta.

"Malam, yaushe zan sake dasawa?"

"Ki bar ƙasar ta huta wata shida. Ki sa wake ko masara in kina so, ban da ayaba. Duk tsiron da ya leƙo ki tumɓuke. Bayan nan zan kawo miki iri mai tsabta."

"Wata shida cif? Ba za ka zo ka ce a ƙara ba?"

"Cif. In ma kina so in rubuta miki ranar."

"Rubuta min," in ji ta.

Ya yago takarda daga littafinsa ya rubuta, ya miƙa mata. Ta karanta a hankali, ta ninke, ta ɗaure a bakin zani.

"Goggo, kin gani?" ta ce, idonta na kan hanya. "Ita ayaba an yanka mata rana."