Faɗuwar Velma Kittredge

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa a Los Angeles, har rufin zauren ɗaukar fim ya fara yoyo aka tara masa bokiti. A ranar ne Velma Kittredge za ta faɗo daga bene.

Faɗuwa dai sana'arta ce. Tun tana 'yar mitsitsiya ubanta, tsoho Gus, yake yawo da ita gari-gari suna wasan barkwanci a dandamali. Shi ya koya mata yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba: a saki jiki, a sauka da kafaɗa, a mirgina, sannan a cilla ƙafa ɗaya sama. Da ta shiga fim, ƙafar nan ce ta yi mata suna. Ta faɗa kududdufi da kayan amarya, ta faɗo daga doki, ta zauna daram a kan kek ɗin biki. Mutane sun san tafin takalminta kamar yadda suka san fuskarta.

Yanzu shekaru sun fara ja, ƙugunta na damunta in an yi sanyi, ga kamfani ya ɗauko wata yarinya mai jan gashi tana koyon irin faɗuwarta. Velma ta yi ta sintiri ofishin mai kamfanin, Mista Feldkamp, har ya gaji ya ba ta fim ɗaya na ban tausayi, a gwada. Za ta fito a matar mai haƙar kwal, tana saman bene a zo a gaya mata rami ya rufta da mijinta. In 'yan kallo suka yi kuka, ta sami sabuwar hanyar ci gaba da aiki. In ba su yi ba, nata ya ƙare.

Aka kunna fitilu, aka fara ɗauka. Mai kawo labari ya cire hula, ya faɗi abin da ya kawo shi. Velma ta dafe ƙirji, ta sulale, ta gangaro. Sai ga ƙafa a sama. Masu riƙe fitila suka tuntsire da dariya.

"A tsaya!" in ji darakta Halasz. "Velma, mijinki ne fa ya mutu, ba ɓawon ayaba kika taka ba. Ƙafar nan me take nema a sama?"

"Wallahi ban ɗaga ta ba, yallaɓai. Ita ta ɗaga kanta."

"To ki gaya mata ana makoki."

Aka sake, aka kuma sakewa. In ta danne ƙafar, kafaɗa ta mirgina. In ta hana kafaɗa, hannu ya riga ta neman wurin sauka. Jikin ya ƙi mantawa.

Da aka tashi cin abincin rana ta sami Gus a kusurwa, ya jingine sandarsa yana kurɓar kofi.

"Baba, wanda bai iya ba, yaya yake faɗuwa?"

"Kamar buhun dankali. Tim! Sai asibiti. Ai shi ya sa na koya miki."

"To yau ka cire min abin da ka koya min."

"Ji ta! Rigar aro ce da zan ce ki tuɓe?" Ya ajiye kofin, ya ƙura mata ido. "Ke 'yar nan, kada ki kuskura ki yi abin da nake gani a idonki."

Ta sumbaci sanƙonsa ta koma.

Wannan karon ba ta dubi matakalar ba. Ta kafe mai kawo labarin da ido, ta bar hannuwanta a sake, ba ta zaɓi inda za ta sauka ba. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta tafi. Bakinta ya daki gefen katako, wuyan hannunta ya naɗe a ƙarƙashinta, ta kwanta a ƙasan bene ba motsi. Zauren ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a bokiti. Halasz ya ma manta ya ce a tsaya, hawaye na bin kumatunsa.

Al'adar kamfani ce kafin a saki fim a kai shi wani gidan silima ba sanarwa, a haska wa mutanen da suka zo kallon wani abu daban, manya su zauna a baya su saurara. Abin da zauren ya ce, shi almakashin masu yanke fim zai bi. Aka kai nata garin Pasadena ranar wata Asabar da la'asar. Velma ta zauna a layin ƙarshe, ta ja hula ta rufe fuska, hannu a ɗaure, Gus a gefenta.

Sunanta na fitowa aka ɗauki tafi. Farkon fim ɗin suka yi shiru, suna jira. Da aka nuno benen, wani ƙato a gabanta ya zunguri matarsa.

"Ga bene, ga bene! Ajiye gyaɗar nan, Ethel, yanzu za ta yi."

Tun mai kawo labari bai rufe baki ba dariya ta fara tashi. Velma ta cikin majigi ta faɗi, ta kwanta shame-shame. Aka ɗan yi shiru. Can wani daga kujerun sama ya ƙwala, "Ina ƙafar?" Zauren ya ɓarke, har da masu buga kujera.

A waje Mista Feldkamp ya tare ta, sai fara'a yake yi.

"Kin ji su, gimbiya? Son ki suke kamar su haɗiye ki! Za mu gyara. Mijin ya fito da ransa, baƙi ƙirin da kwal, ki gan shi ki faɗo. Amma da ƙafa."

Ta wuce shi ta nufi mota. A mota Gus ya daɗe yana kallon titi.

"Ni ban yi dariya ba," in ji shi. "Tun da nake ban taɓa ganin mummunar faɗuwa irin wannan ba. Da na ga kin kwanta, marigayiya mahaifiyarki na tuna."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

Da aka kwance ɗaurin, likita ya ce hannun ba zai ƙara ɗaukar nauyin jikinta ba. Sai aka sa wa yarinyar nan mai jan gashi hular gashi irin ta Velma, aka ɗauke ta ta baya, ta gangaro, ta cilla ƙafa. Fim ɗin ya karɓu sosai.

Abin da Velma ta rasa: haƙori ɗaya na gaba, wuyan hannun dama, faɗuwar da ta yi ta gaske, wadda aka yanke aka share da shara, da kuma tsohuwar faɗuwar, wadda yanzu wata ke yi da sunanta.